Wani Kafinta a Layinmu

Zuwa ga tsohon ɗalibina, Me-ya-sa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali da ma'aikata. Ni dai ina nan yadda ka bar ni, alli a hannu, gwiwa na ciwo, har yanzu ni ce mai darasin sana'a da kasuwanci a aji biyar. Na ji labarinka. An ce wurin haɗa kujeru da gadaje ka buɗe, mutum goma sha huɗu na cin abinci a ƙarƙashinka. Na ji daɗi har da ƙwalla, duk da shekara biyu ka yi kana cika mini kunne da tambaya.

Ina so ka zo ka yi wa ɗalibaina magana a ƙarshen zangon nan. Sun san ka tun ba su gan ka ba. Ka tuna aikin da na ba ku, kowa ya zauna mako guda wurin wani mai sana'a, ya rubuto abin da ke korar masa masu saye? Naka, mai suna "Wani kafinta a layinmu", shekara goma sha biyu ke nan ina karanta wa kowane sabon aji. In na zo inda yake cewa "gobe in sha Allah" sau tara a kan ƙofa ɗaya, har kwanciya suke yi don dariya.

Kai ma kada ka ce mini gobe. Allah ya ƙara buɗi.

Malamarka.

Malama, ranki ya daɗe,

Wa'alaikumus salam. Na gode da tunawa da ni, Allah ya ba ki lafiyar gwiwa. Kwana shida takardarki na aljihuna na kasa amsawa.

Malama, kafintan nan Babana ne.

Kunya ce ta hana ni rubuta haka a lokacin. Na zauna a kan tarin katako a shagonsa mako guda, yana ta murna wai na fara son aikin hannu, ni kuwa laifinsa nake lissafawa. Ba ya yanke farashi sai ya kalli fuskar mutum. Awo a kansa yake riƙewa. Tsofaffin layi sun mamaye bencin ƙofar shago suna jin rediyo, mace ba ta iya ratsa su ta shiga. Kin ba ni maki mafi yawa, na dawo gida ina tsalle.

Da na tashi buɗe nawa, takardar nan na juya. Farashi a rubuce, rana a rubuce, ba benci, kuma ba abin da zai fita sai an auna shi. Kin koya mana a kafa sana'a inda aka san masu saye, ni kuwa na layinmu na sani, sai na kafa a bakin titi, taku ɗari biyu daga shagon Baba. Na ɗauka kasuwa za ta ishe mu duka. Cikin shekara uku masu sayensa suka dawo wurina. Babban almajirinsa ma, wanda ya yi shekara ashirin tare da shi, yanzu shi ne shugaban ma'aikatana.

Ban san kina karantawa ba sai bara. Yaran unguwa da ke ajinki sun gane shagon ta benci da rediyo. Yanzu in zai wuce sai su ce, "Baba Gobe, ina kwana?" Wata rana ya tare ɗaya ya tambaye ta inda ta samo sunan, ta gaya masa komai, har da wanda ya rubuta. In na durƙusa gaishe shi yakan ce, "Lafiya lau, mai kamfani," ya ci gaba da share garin katakon da babu shi.

Darasinki ya raya ni, ba zan musa ba. Amma da wane baki zan tsaya gaban yara? Tsorona kada shagon Baba ya mutu a hannuna.

Ɗalibinki mai biyayya.

Ɗana,

Innalillahi. Na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune. Shekara goma sha biyu ina sa yara su yi wa dattijo dariya, ban taɓa tambayar kaina ko yana da 'ya'ya ba. Na cire takardar daga jakata. Na so in zo in ba shi haƙuri, amma ina jin zuwana ƙara tona abin zai yi.

Kada ka kai masa kyauta, irinsu ba sa karɓa. Aiki yake bukata. Ka ware wani aiki daga naka, ka tura masa ta hannun wanda bai sani ba, ya ji zartonsa na kuka kamar da. In hannunsa ya motsa, zuciyarsa za ta sauko. Maganar zuwa makaranta kuma a bar ta.

Ka gaida mahaifiyarka. Allah ya daidaita.

Malamarka.

Malama,

Barka da war haka, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na bi shawararki, ga yadda ta kaya.

Wata mai gidan abinci ta ba ni aikin kujeru goma sha biyu. Na roƙe ta ta kai wa Baba kamar ita ta zaɓe shi. Malama, da kin gan shi! Mama ta ce har waƙa yake yi yana goge katako. Ya kori tsofaffin benci, ya ce su dawo bayan sati biyu. Saura kwana ɗaya ranar alkawari ta cika ya gama, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Ni na ɓata. Na shigar da aikin cikin jerin ayyukanmu don kada a manta da ranar ɗauka, na tafi sayen katako. Shugaban ma'aikatana ya ga aiki ya kai ranar fita, ga kuma dokar awo kafin fita da na kafa da bakina. Sai ya ɗauki tef ya tafi shagon mutumin da ya koya masa riƙon guduma, a gaban tsofaffin nan da suka riga suka dawo, ya shiga auna kujerun ɗaya bayan ɗaya. Ya ware biyu, ya ce ƙafafunsu ba su daidaita ba.

Baba ya ce, "Kai, wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Maigida ne. Ai aikinmu ne, Baba, ba a gaya maka ba?"

An ce Baba ya daɗe yana kallon kujerun. Sannan ya ɗauki tef ɗin ya auna da kansa, ya ce, "Da gaskiyarka." Ya gyara su a take, ya taya shi lodi, ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo. Yau kwana tara bai buɗe ba. Na je gida sau huɗu, Mama na cewa yana hutawa, alhali ina jin tarinsa a ɗaki.

Ban ga laifinki ba, Malama. Kawai dai duk abin da na iya, shi ne ke yanka shi. Yau da safe mai gadina ya miƙo mini takardar da na haɗo miki da wannan. Ki gaya mini, me ake amsawa?

Ɗalibinki.

Zuwa ga Mai Kamfani,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni kafinta ne, shekarata arba'in da ɗaya a aikin. Na rufe shagona, ina neman aiki a wurinka. Na iya ƙofa, gado da kujera, idona kuma bai mutu ba tukuna. Zan zo a kan lokaci, zan bi dokar wuri, duk wanda aka ɗora a kaina zan yi masa biyayya. Ina roƙon a duba aikina kawai, kada a duba wani abu daban.

Zan tsaya a bakin ƙofa ranar Litinin da ƙarfe bakwai. In babu gurbi, mai gadi ya sanar da ni, ba sai ka fito ba.

Na gode.

Mai neman aiki.