Abin da Za a Sassaƙa a Dutsen Genzo

Sakata, 3 ga Oktoba, 1993

Ƙanwata Kikuno,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar nan taki? Ina fatan an gama girbin shinkafa lafiya. Ni dai tun rasuwar mai ɗakina, da rediyo nake hira.

Na ga takardarki. Kin ce ƙauyenmu zai kafa dutsen tunawa da waɗanda yaƙin duniya na biyu ya ci, kuma tunda ni kaɗai na rage a rundunarmu, ana so in buga hatimina cewa yayanki Genzo, aminina tun ƙuruciya, ya faɗi yana kutsawa cikin abokan gaba.

Sai na tuna ranar da kuka raka mu tasha da 'yan tutoci. Jirgi bai tashi ba ya cinye curin shinkafar da Inna ta ƙunsa masa, ya kai hannu kan nawa. Ya ce, "Tokuji, da waɗannan ƙafafu naka kamar tsinken cin abinci, ai Sarki ya yi asara." Na ce, "Kai kuma Sarki ya ɗauko wa kansa gara." Har ke kin yi dariya kina kuka.

Hatimin ya shige mini wani wuri. Ki ba ni lokaci.

Yayanki,
Tokuji

Sakata, 20 ga Oktoba

Ƙanwata Kikuno,

Ina gaisuwa, da fatan sanyi bai taɓa ki ba. Hatimin bai ɓata ba, yana gabana.

Mu ɗari da tamanin muka sauka tsibirin da aka tura mu. Waɗanda harsashi ya kashe ba su kai ashirin ba. An nutsar da jiragen abincinmu, manya suka ce soja mai zuciya ba ya jiran buhu, mu ƙwato na abokan gaba. Miƙa wuya kuwa abin kunya ne ga dangi kaf. Muka ci saiwa, muka ci ƙadangare, zazzaɓi da gudawa suka ƙarasa sauran.

Genzo bai kutsa ko'ina ba. Ya zauna a gindin wata bishiya, ƙafafunsa sun kumbura, yana lissafa mini irin miyar Inna ɗaya bayan ɗaya. Aka ce a ci gaba, wanda ba ya iya tafiya a bar shi. Ya ce, "Tafi mana, tsinke, ko so kake in goya ka?" Na tafi.

Shekara arba'in da bakwai ina ce muku ya mutu yana fafatawa. Ba zan iya sa a sassaƙa wannan a dutse ba. In kin yanke zumunci da ni, ban ga laifinki ba.

Yayanki,
Tokuji

Sakata, 9 ga Nuwamba

Ƙanwata Kikuno,

Ina gaisuwa. Sau huɗu na karanta amsarki, har sai da na goge tabarau.

Ashe tun ranar da na dawo Inna ta gane. Kin ce tana kallona ina tsince ƙwayoyin shinkafa daga tabarma ina kaiwa baki, alhali ga kwano cike a gabana. Da na fita ta ce miki, "Yunwa ce ta kashe mini ɗa. Kada ki kuskura ki tambayi Tokuji, shi ma nawa ne."

Ni da nake ganin ni ne nake rufa muku asiri.

A rubuta sunansa da shekarunsa ashirin da uku, a ƙasa a ce ya mutu da yunwa. In dattawan ƙauye sun yi gardama, zan zo da sandata in gaya musu da bakina. Ki sa a tare ni a tasha, ba na iya hawan tudun nan ni kaɗai.

Yayanki har kullum,
Tokuji