Adireshin da Na Rantse a Kansa

Bukkar Baba, Pennsylvania
9 ga Satumba

Matata Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Ni ma lafiya lau nake, sai dai ɓerayen da suka gaji bukkar nan tun rasuwar Baba har yanzu ba su yarda ni ne mai gida ba.

Yau na je ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gundumar nan, neman takardar izinin yawo da bindiga a ɓoye. Matar da ke karɓar takardu ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mista Kresge, gida biyu gare ka. Ba wanda ka fi so nake tambaya ba, wanne ne mazauninka?" Na zube mata sabon lasisin tuƙi da katin zaɓe da takardar wuta, duk da adireshin nan. Na rantse, na sa hannu. Shekara talatin ina koya wa ɗalibai tarihin sarakunan da sa hannu ya kai su ƙasa, amma ko jinkiri ban yi ba.

Yabon naki ne. Ke kika ce tun da aka fasa motar maƙwabta ba kya iya fita da kwanciyar hankali, ke kika gano takardar ta fi sauƙin samu a nan fiye da gidanmu na New Jersey, ke kuma kika ɗaure mini littattafaina a kwali. Ban taɓa ganin ki da ƙwazo irin wannan ba. Ga wasiƙar da kika ce in riƙa aikowa, don hatimin gidan waya ya zama shaida idan an zo bincike.

Sai na zo ranar Juma'a. Zan sa mota a gareji in rufe kamar yadda kika ce, kada maƙwabta su gani.

Mijinki mai ƙaunarki,
Wendell

Bukkar Baba
20 ga Janairu

Lorna tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya gwiwa? Nan ƙanƙara ta kai taga.

Takarda dai tana aljihuna tun Oktoba. Abin da ban gaya miki ba, don kunya, shi ne abin da maƙwabcina na nan, Chester Boyko, ya faɗa mini ranar da na nuna masa ita. Ya yi dariya har sai da ya dafa motarsa, ya ce, "Farfesa, kai da ka cinye littafi dubu, ba ka karanta shafi na huɗu ba? Ka ƙetare kogi zuwa New Jersey da bindigar, a can za a ba ka ɗaki na uku, mai ƙofar ƙarfe." Wato takardar ba ta aiki a jihar da kike. Yanzu ina da cikakken izinin kare ki a duk inda ba kya nan.

Tun da haka ne, me ya rage? Ina so in dawo gida gaba ɗaya. Kin ce in bari shekara ta cika kada a ce na yi wa hukuma wayo, na yarda. Amma zuwan Juma'ar nan ya fara ba ni dariya: mutum mai shekara hamsin da takwas yana shiga gidansa ta ƙofar baya, yana cin abinci da labule a sauke, kamar wanda ya zo wurin matar wani. Makon jiya ma makullina bai buɗe ba, sai da kika sauko. Kin ce don tsaro kika sauya kwadon ƙofar. Ki ajiye mini ɗaya.

Naki har kullum,
Wendell

14 ga Satumba

Lorna,

Ina gaishe ki, domin haka aka koya mini. Ina fatan kina lafiya. Na san kina lafiya, na ga sa hannunki, tsaf yake.

Jiya wani mutum mai ladabi ya kawo mini takardun kotu. A ciki an rubuta cewa na tattara kayana na bar ki shekara guda ke nan, don haka kina neman a raba aure, a kuma bar miki gidan, tun da ni na zaɓi wani. Shaida ta farko rantsuwata ce a ofishin sherif. Ta biyu katin zaɓena. Daga ta uku zuwa ta arba'in da ɗaya ambulan wasiƙuna ne, kowanne da hatiminsa. Ambulan kaɗai, abin da ke ciki bai samu shiga ba. Maƙwabta uku kuma sun ce ba su ƙara ganin motata ba. Gaskiya suka faɗa, da hannuna nake rufe garejin.

Na ga lauya. Ya ce mini, "Hanya biyu ce, Wendell. Ko dai nan ne gidanka, ka bar matarka, ko can ne gidanka, ka yi rantsuwar ƙarya. Zaɓi wadda za ka iya ɗauka." Na ce masa a ajina wannan shiri naki da ya ci maki ɗari.

Ba gidan ne ya fi yi mini ciwo ba. Shekara ashirin da bakwai muna tare, Lorna. Da kin zaunar da ni a kicin kin ce kin gaji, da na yi ɓacin rai, na yi dogon jawabi, sannan na tafi. Amma kika sa ni na gina wa kaina hanyar fita, ina yi ina gode miki.

Da safiyar nan na koma ofishin sherif, na ajiye takardar izinin a kan teburin matar nan mai tabarau, na ce rantsuwar ba gaskiya ba ce. Matar ta ce, "Ka san abin da wannan ke jawowa?" Na ce wannan karon na karanta har shafi na ƙarshe. Bindigar na ba Chester ajiya.

Ranar Alhamis zan tsaya gaban alƙali in ce ban taɓa barin ki ba. Kina da ikon rabuwa da ni, ba zan hana ki ba. Amma sai dai ki miƙe ki faɗi dalilinki da bakinki, ina kallon ki.

Mijinki, har zuwa ranar,
Wendell Kresge