Kibiyar da Ban Ja Ba

Yamai, 9 ga Afrilu 1985

Zuwa ga matata Halimatou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Zeinabou. Yaya wankan jego, yaya zafin Maraɗi? Ki gaida Inna.

Kin ce na yi shiru. Laifin aiki ne. Kogi na janyewa kullum, sai Kapitan ɗin da sojoji suka ɗora mana a biro, wato ofishinmu, ya ce in zana masa tablo, wato jadawali, na inda ruwan ƙasar nan ke tafiya, har wanda ke ɓoye cikin kaya. Buhun shinkafa ya sha ruwa kafin ya iso kasuwa, fatar da ake jima ma akuya ce da ta sha rijiya. Noma da layinsa, kiwo da nasa, masana'antu da nasu. In wani ya ba wani abu, sai in ja kibiya, ruwan ya bi ta. Ke da kike cewa ko randa ban iya cikawa ba, ga mijinki yana rabon kogi.

Jiya na je Gamkalley wurin kawunki Halidu. Na tambaye shi ko lambunsa na ba makiyaya wani abu. Ya ce shi ba ya ba kowa komai. Na rubuta sifiri, ya cika mini jaka da salati.

Naki,
Amadou

Yamai, 16 ga Mayu 1985

Halimatou,

Ina gaisuwa, da fatan tarin yarinya ya sauka.

Raina ba daɗi. Kapitan ya duba tablo, ya ga lambuna na shan ruwa mai yawa, kuma babu kibiyar da ta fita daga layinsu zuwa kiwo. Ya tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba, amma wa ke ce wa mai kaki ya jira? Na ce na tabbata. Shekaranjiya aka toshe hanyar ruwan su Kawu.

Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Naki,
Amadou

Yamai, 14 ga Yuni 1985

Halimatou,

Ina yi muku barka da shan ruwa, da fatan kowa lafiya. Ni jikina kawai ke lafiya.

Mai nonon da ke zama ƙofar biro ta daina zuwa, sai na bi sawunta har bayan lambuna. Ashe makiyayan da fari ya koro daga arewa can suka sauka tun bara. Kullum da safe masu lambu na yankar musu ganyen kabeji da ciyawar bakin kwari, su bar shanu su sha a ƙarshen hanyar ruwa. Yanzu lambun ya ƙone. Na ƙirga gawar shanu goma sha ɗaya, sai na daina ƙirgawa.

Kawu bai yi mini ƙarya ba, Halimatou. A wurinsa sadaka ce, ita kuwa ba a faɗinta, balle ga mai alƙalami a hannu. Ni da na ci tuwon gidansa shekara huɗu ina karatun boko a lekol, bai taɓa ambatawa ko sau ɗaya ba, ni ne ya kamata in gane. Na ja kibiyar yanzu, na kai wa Kapitan. Ya sa takardar a aljihun tebur, ya ce ai kogin ma ya tsaya.

Jiya na sha ruwa gidan Kawu. Ya rame ƙwarai, amma ya tura mini dabinon da ya fi kyau. Bai san da hannuna a ciki ba ne. Bayan magariba ya ɗaga hannu, ya ce bai yafe wa wanda ya rubuta takardar da ta sa aka toshe musu ruwa ba, Allah ya saka wa dabbobin da ba su da baki. Kowa ya shafa. Ya juyo yana kallona, yana jiran nawa.

Na ce amin, Halimatou.

Mijinki,
Amadou