A Bar Motar a Silo

Doha, Katar

Maman Jemima,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Mama? Jemima ta shiga aji biyar ɗin? Ki gaida maƙwabtanmu na Sabon Gari gida-gida.

Ni lafiya lau nake. Garejin babba ne, manyan motoci masu shan gas muke gyarawa, kuma oga ya yaba da aikina. Zafin garin ne sai a hankali. Ƙunar da kika hango a hannuna cikin hoto ta warke, turbo na taɓa bai huce ba.

Shi ne ma dalilin wasiƙar nan. Na ji direbanmu Sammani yana kashe bas ɗinmu da zarar ya iso Kantin Kwari daga Kaduna. Don Allah ki hana shi. Hayaƙin injin ne ke juya wata 'yar farfela a cikin turbo, ita kuma ta cusa wa injin iska ya ƙara ƙarfi. Tana yin zafi har ta yi ja, baƙin mai ne ke sanyaya ta. In aka kashe nan take, man ya tsaya, ta ƙone. Ya bar motar a silo, wato injin na aiki ba ta tafiya, minti uku kawai. Ita ce ke ciyar da ku.

Ina nan tafe Disamba, in Allah ya yarda. Kada ki tara mini 'yan coci ranar farko. Shekara biyu ina gudu, ni ma a bar ni a silo, a tsakar gida kusa da ke.

Mijinki,
Zakka