Kalmar da Ake Faɗa a Ƙofar Gari

Zuwa ga yayana Shallum, a Lakish.

Yaya, ina gaishe ka da kyau. Ya ciwon ƙafar nan taka? Ya Tirza da yara? Ubangiji ya sa saƙon nan ya same ku cikin salama. Mu kam salama ta yi ƙaura daga gidanmu.

Maganar ɗanka Azzur ce, yaron nan nawa. Tun da ya fara bin masu ayarin raƙuma ya daina jin magana, sai ruwan inabi da dariyar banza. Ranar matsar zaitun ya zo a buge. Ubansa Neriya ya ɗaga masa sanda, shi kuwa ya fizge ta ya karya a gwiwa, a gaban ma'aikata. Nan take Neriya ya rantse da sunan Ubangiji sai ya kai shi ƙofar gari gaban dattawa. Ka san mijin nan nawa, da ya janye rantsuwa gara ya haɗiyi garwashi.

Yaya, kalmar nan zai faɗa, sarar, wato mai taurin kai. Sau nawa na faɗe ta a kan karsanarmu in ta ƙi karkiya? Shi kansa Azzur na sha jifansa da ita yana ƙarami in ya ƙi wanka, ina dariya. Amma a ƙofar gari ba wasa. In uwa da uba suka riƙe ɗansu suka faɗe ta, ya tabbata kangararre, mazan gari su ɗebi duwatsu. Bakin uba kaɗai bai isa ba, sai uwa ta maimaita. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa musa wa Neriya a gaban mutane ba. Tsoro nake kada bakina ya bi nasa don sabo.

Ka zo, don girman Ubangiji. Kai kaɗai Neriya yake jin nauyinka.

Ƙanwarka,
Hogla, daga Soko.

Zuwa ga yayana Shallum.

Gaisuwa mai yawa, tare da sannu da jiki. Na ji ƙafar ta hana ka tasowa, ban riƙe ka ba. Ubangiji ya ba ka sauƙi.

An yi, Yaya. Muka tsaya gaban dattawa, Neriya riƙe da Azzur ta dama, ni ta hagu. Wasu marasa kunya har sun fara zaɓen duwatsu. Neriya ya faɗi kalmar, aka juyo gare ni. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Sai na ji hannu ya zagayo ta bayan Azzur ya damƙe wuyan hannuna, damƙa har ƙashi. Neriya ne, idonsa na kan dattawa kamar ba shi ba. Na yi gum. Babban dattijo ya tambaye ni ya sake, daga baya ya kakkaɓe rigarsa ya ce babu shari'a.

A hanyar gida Neriya ya ce mini, "Hogla, rantsuwa na sauke. Da kin yi magana, ni za a fara binnewa."

Amma Azzur bai ga hannun ba. Abin da kunnensa ya ji shi ne ubansa ya nemi ransa. Ko gida bai shiga ba, ya bi ayarin Masar, ba mayafi ba guzuri. Zuciyata ta karye, Yaya, kuka nake har na rasa hawaye. Neriya kuwa kullum da safe yana ƙofar gari da guntun sandar nan, yana kallon hanya. Gurasar da na kai masa haka nake dawowa da ita.

An ce ayarin zai yada zango a Lakish. Ko ɗaukarka za a yi, ka tare shi. Kada ka yi masa faɗa, ya sha isasshe. Ka ce masa shatin yatsun ubansa na nan a hannuna, ya zo ya gani da idonsa. Ka ce ya yi sauri, shatin ya fara dushewa.

Ka gaida Tirza.

Ƙanwarka mai jira,
Hogla.