Waɗanda Aka Haifa Kafin Sifili

Litinin, 3 ga Maris

Na gaji tun ban fara ba. Asibitin da muka yi wa manhajar tunatar da marasa lafiya sun bugo waya, wai wasu ba sa samun saƙon ranar ganin likita. Oga ya jefo min aikin yana tafiya: "Ke, duba min wannan, ba wani abu ba ne." Kullum ba wani abu ba ne, tunda ba shi zai yi ba.

Talata, 4 ga Maris

Ban gano komai ba. Idona kamar an zuba yashi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kama shi. Manhajar ba ta ajiye kwanan wata yadda mutum yake rubutawa. Daƙiƙoƙi take mayar da shi, tana ƙirgawa daga ranar farko ta shekarar 1970. Wanda aka haifa bayan nan, lambarsa lafiya lau. Wanda aka haifa kafin nan kuwa, tasa ƙasa da sifili take faɗawa. Shi kuma wanda ya rubuta wannan ɓangaren, da ya bar kamfanin tun kafin in zo, ya sa a watsar da duk lambar da ba ta haura sifili ba.

Wato tsofaffi. Masu hawan jini da ciwon suga, su ne saƙon yake tsallakewa.

Dogo, mai zama kusa da taga, har da buga tebur: "Ashe kwamfuta ma ba ta ganin girman na gaba!" Na yi dariya don kada ya ji kunya.

Juma'a, 7 ga Maris

Oga ya ce in mayar da ranar haihuwarsu duka zuwa 1971, saƙo ya tafi, gyaran gaske sai wani watan. Na ce ai likita yana duba shekaru kafin ya rubuta magani. Ya ce likita yana da ido. Na ce to. Wallahi don in samu in tafi gida na ce to.

Ban yi ba, ban kuma ƙi ba. Na kashe kwamfuta kawai.

Litinin, 10 ga Maris

An tura ni asibitin in duba na'urar ɗakin rajista. Sista mai kula da wurin ta ja ni gefe, ta nuna min wani dattijo a keken marasa lafiya, hannunsa ɗaya kwance a cinya kamar ba nasa ba. Tsohon direban babbar mota ne. An gaya masa kada ya wahalar da kansa da zuwa sai ya ga saƙo. Ya jira. Magani ya ƙare, ya ci gaba da jira, har jinin ya hau ya taɓa masa ɓarin jiki.

Ban so ta gabatar da ni ba, amma ta yi. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yata, ke ce mai na'urar?" Maganar tana fita da ƙyar. "An ce ta ce ba a haife ni ba tukuna." Ya yi dariya da rabin baki.

'Yarsa da ke riƙe da keken ba ta yi ba. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ko banɗaki da wayar yake shiga, kada ta yi ƙara ba ya kusa."

Na so in ce ba ni na rubuta ba. Wa zai amfana?

A mota na wuce inda zan sauka.

Laraba, 12 ga Maris

Na shiga ofishin Oga na ce ba zan rage wa kowa shekaru ba, zan gyara lissafin daga tushe. Ya dube ni ta saman tabarau: "Sai ki ƙarasa da kanki, kada ki zo min da kuka."

Ga wata kuma. Tsofaffin da ba su san ranar haihuwarsu ba, masu rajista suna sa musu ɗaya ga Janairu 1970. Sifili cif, su ma an watsar. Dogo ya jawo kujerarsa ba tare da na roƙe shi ba. Yau bai yi barkwanci ba.

Bayana yana ciwo. Yara sun ci abin da babansu ya dafa, ba su yi ƙorafi a gabana ba.

Asabar, 15 ga Maris

Jiya saƙonni suka tafi. Ina cikin wanki na tsinci kaina ina kiran Sista. Ta ce tun safe benci ya cika da tsofaffi masu dogara sanda, har an aro kujeru daga wani ɗaki. Dattijon kuma ya fara motsa yatsu. Na ce Alhamdulillahi, na tsaya da kumfa a hannu kamar sakarya.

Sai na tuna manhajar da muka yi wa wani kantin magani ma, mutumin nan da ya bar kamfanin ne ya rubuta.

Baban yara ya gan ni ina buɗe kwamfuta a kan tabarma. "Yau ma aiki?"

Na ce a'a, babu wanda ya sa ni. Leƙawa kawai zan yi.