Keken Yaya Rabi da bidiyon da na ɗora

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lahiya, ke da Gwaggo da mutanen Dumega dut. Na san ba ki riƙe waya, amma nan kan intanet, gaban mutane, na yi ɓarnar, shi ya sa nan nake rubutawa. Wanda ya san gidan Gwaggo, don Allah shi karanta maki.

Shekara biyu kina kai dosiye, takardun neman taimako, buro, ohishin gwamnati, kahin a ba ki keken nan mai moto na masu lalurar ƙahwa. Haya ce, ana cirewa cikin tallahin da gwamnati ke ba ki. Sharaɗi guda suka sa: ke kaɗai za ki hau. Ni na karanta maki takardar da ɗan faransancina, wallahi ni da bakina.

Kin tuna ran da kika tahi kasuwa ke kaɗai kika sawo zaren saƙarki? Ba mai tura ki, ba mai ɗaukar ki. Kin dawo kina dariya, kina cewa ashe godoron Dogon Dutsi, titin kwaltar nan, daɗi gare shi.

Ni ko, kina barcin rana na ɗauki makulli. Zagaye guda hwa na yi, daga ƙohwar gida zuwa pampo, ƙawata tana ɗauka ta bidiyo. Na sa waƙa na ɗora. Ina ta murna mutane na kallo, ashe har da ma'aikacin buron cikinsu.

Kwana huɗu suka zo suka tahi da keken. Ba zalunci suka yi ba, abin da ke takarda suka bi.

Da zagina kika yi, da ya hi mani sauƙi. Inna kika ce ta hiddo maki tsohin takalman hannu daga ƙarƙashin gado. Kika kakkaɓe su, kika sa, kika ja jiki zuwa tsakar gida. Sati na zagayowa kika ce Dumega za ki.

Na goge bidiyon. Sau uku ina zuwa buro, na ce laihina ne, har kuka na yi gaban madam shugabar wurin. Ta ce sai dai sabon dosiye, kuma sai da sa hannunki. Takardar na wurina. Jibi zan shigo mota da ita, da bik na rubutu cikin jakata. Ba sai kin yi mani magana ba, Yayata, ko kallona ma kar ki yi. Ki sa hannu kawai.

Allah shi maido maki abin da na raba ki da shi, shi sanyaya zuciyarki a kaina, ko da ba yanzu ba. Amin.

Ƙanwarki,
Zali